Mai Miƙa wa Ramil Bindiga

Sana'ata a harkar fim ta Manila haɗa jini ce. Ruwan sukari nake dafawa har ya yi kauri, in zuba jan rini da ɗan gahawa don ya yi duhu, in ɗura a 'yan ƙananan robobi in liƙa a ƙarƙashin rigar duk wanda za a kashe ranar. Sunana Doray. Duk wani fim na 'yan fashi da 'yan sanda da kamfaninmu ya yi, tun daga ƙarshen shekarun sittin har harkar ta mutu, ni na zubar da jininsa, bindigogin kuma daga hannun Mang Takyo suka fito. Shi ya sa bencinmu ɗaya a bayan kyamara. Sai ya gama nasa aikin nawa yake bayyana.

Eustaquio Batulan ne cikakken sunansa, mutumin Danao a tsibirin Cebu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa sun rine da baƙin mai, sabulu ya daina yi musu komai. Ba shi da yawan magana, in ma ya yi sai ma'aikata su kwashe da dariya saboda harshensa na Bisaya, na mutanen Cebu, su yi ta kwaikwayonsa. Bai taɓa fushi ba. Murmushi yake yi ya ci gaba da goge ƙarfensa.

A tsaunukan garinsu gida-gida ake ƙera bindiga, shi ma a wurin ubansa ya koya tun hannunsa bai iya riƙe magagari sosai ba. Yana da ƙuruciyar son a san aikinsa, don haka duk wadda ya ƙera sai ya zana ɗan kifi a ƙasan kunamarta. Wata Lahadi a wurin faɗan zakaru ya sayar wa wani baƙo libarba, bai tambayi sunansa ba. Ba a jima ba, lokacin zaɓe, aka harbe ɗan ƙanen wani babban mutum a garin da ke maƙwabtaka da su, aka tsinci bindigar a cikin kwata da kifinta. Wansa ne ya zo da gudu ya ce ya bar garin kafin a iso. Ya bar matarsa Sioning da goyon 'yarsu Merlita, ya hau jirgin ruwa da riga ɗaya a jaka.

A Manila ya samu aikin walda a wani gareji da ke daura da inda muke ɗaukar fim a Tondo. A lokacin Ramil Arcega ya fara tashe. Dogo ne, gashinsa kullum sharkaf da mai, in ya ɗaga gira ɗaya mata sai ihu a silima. Wata rana ana ɗaukar wurin da zai shiga ma'ajiyar kaya ya karkashe 'yan fasa-ƙwauri, sai ƙaramar bindigarsa ta yi ƙara sau ɗaya ta cije. Aka sake, ta sake cijewa. Darakta na zagi, rana na tafiya, ni kuma jinina na narkewa a jikin mutane, tururuwa na binsu. Wani ya tsallaka garejin neman man inji, sai ya dawo da mai waldan gaba ɗaya.

Takyo ya juya bindigar a hannu ya ce harsashin fim ba shi da kai, albarushi ne kawai aka toshe bakinsa da kaki, don haka ba shi da ƙarfin da zai tura saman bindigar baya ta ɗauko na gaba. Sai an matse bututun daga ciki. Ya tafi da ita gareji, kafin mu gama cin abincin rana ya dawo. Ramil ya ɗaga ta sama ya danna, ta yi ta tashi har ta ƙare.

"Kai Bisaya, ina ka koyi wannan?"

"A gida, Kuya."

"A gida! Ku ji fa. A gidansu da wannan ake yaye yara." Ya rungumo shi da hannu ɗaya. "Daga yau ka bar walda, Dong. Kai nawa ne."

Dong shi ne abin da mutanen Cebu ke kiran yaro. Takyo ya girmi Ramil, amma shi yake ce masa Kuya, wato yaya, shi kuma ya ce masa Dong, kuma haka suka tafi har furfura.

Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Ramil mutum ne mai camfi, ba ya fara aiki ran Juma'a, yana ɗaure da laya a ƙugu, nan take ya yanke cewa sa'arsa na cikin bindigar nan da hannun da ya miƙo masa ita. Ya sa aka yi mata ƙotar farin ƙashi, ya raɗa mata suna Biyuda, matar da ta binne miji. A wurin walimar gama fim, da rana tsaka, an gasa alade an zuba giya, Takyo da bai saba sha ba ya sha, bakinsa ya kwance, ya gaya wa Ramil labarin kifin. Ina kusa ina raba shinkafa, na ji komai.

"Wannan ne ya hana ka barci?" in ji Ramil. "Akwai wani kanal na 'yan sanda, shi ya riƙe ɗana a coci ranar baftisma. Zan yi masa magana. Kashe maganar dai ba zai yiwu ba, mutanen nan manya ne. Amma za ta kwanta. Muddin kana inuwata babu mai tashinta."

Takyo ya kama hannunsa ya ɗora a goshinsa, yana hawaye.

Aka ba shi ɗaki a bayan garejin gidan Ramil. Babu taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Da aka kafa dokar soja aka ce kowa ya miƙa makaminsa, kanal ɗin ya samo wa Ramil izinin riƙe bindigogin fim, bisa sharaɗin su zauna a kabad ɗin ƙarfe da mai tsaro a kansu. Aka shigo da kabad ɗin ɗakin Takyo, ya cinye rabinsa. Daga nan fitarsa ta zama biyu: ko ya bi akwatin bindigogi zuwa wurin aiki a bayan mota, ko ya je coci da safiyar Lahadi direban gidan na jiransa a waje.

A wurin aiki yana da tsarinsa da ba ya canjawa. Zai buɗe bindiga ya ɗaga ta saitin haske, ya leƙa, ya kira wanda za a harba ya nuna masa harsasan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya goge ƙotar da ƙyalle ya miƙa wa Ramil. Mai fitowa a bos a yawancin finafinanmu wani ƙato ne mai suna Ponso, fuskarsa kamar an yi ɓarin gyaɗa a kanta, ga shi da tsoron allura.

"Mang Takyo, yau ma ni ne?"

"Kai ne."

"To don Allah ka rage albarushi. Wancan karon gashin ƙirjina ya ƙone, matata ta ce ina warin kazar da aka babbaka."

"Ka daina matsowa kusa."

"Me?"

"Na ce ka daina matsowa!"

"Ni kake wa ihu? Kai ne kurman ai!"

Gaskiyar Ponso. A lokacin babu mai toshe kunne, Takyo kuwa shi ne mafi kusa da kowane harbi. Kunnensa na hagu ya fara tafiya, na daman na biye.

Ya yi ta roƙon a bar shi ya je gida. Ba ya yi a gaban mutane, sai ya faki Ramil na zaune ina shafa masa hoda, ya zo ya tsaya yana murza hularsa.

"Kuya, bikin garinmu ya kusa."

"Dong, so kake in mutu? Ga fim a gaba. Bari mu gama wannan."

Kafin a gama wannan an sa hannu a kan wani. Wani lokacin kuma Ramil ya rage murya ya ce kanal ya ce a ɗan dakata, mutanen can sun sake tambaya. Kuma kada a ɗauka mugu ne irin na fim. Duk wata yana aika wa Sioning da abin cefane. Da uban Takyo ya mutu shi ya sayi akwatin gawa mai kyau ya aika da furanni cike da mota. Ɗan mamacin dai yana Baguio tare da mu, yana loda bindigogi goma sha don wurin fashin banki.

Sau ɗaya Sioning ta zo Manila, Merlita ta isa shiga makaranta a lokacin. Siririyar mace ce mai kaifin ido, ta zo da busasshen kifi da tsakin masara a cikin kwali. Ramil ya aika motarsa ta ɗauko su daga tashar jirgi, ya saya wa yarinyar 'yar tsana mai rufe ido, ya sa aka kawo su kallon aiki. Harbin farko Merlita ta ƙwalla ƙara, ta ga Ponso ya faɗi jini na malala a rigarsa, ta ga kuma mutumin da aka ce mata ubanta ne shi ya miƙa bindigar. Na kai ta bayan mota na lakato jinin na sa mata a baki don ta ji sukari ne. Ta tofar. Har suka koma ba ta yarda ya ɗauke ta ba.

Sioning ta kwana biyu a ɗakin bayan gareji. Ranar da za ta tafi ta same ni ina wanke robobi.

"Doray, ke da kike ganinsa kullum, ɗaurarre ne ko ma'aikaci?"

Na ce ana kula da shi.

"Na ga ana kula da shi. Mu ma muna kula da aladenmu." Ta gyara ɗankwalinta. "Ya ce in dawo nan da zama. A ina? Tsakanin gado da kabad? Yarinyar ba ta iya numfashi saboda warin mai. Ni ina da uwa tsohuwa da gonar masara. In ya samu hanya ya san gida."

Shekaru suka yi ta tafiya. Biyuda ta fito a finafinai da yawa har yara a titi na sassaƙa irinta da katako su shafa wa ƙotar farin alli. A allon talla ana zana ta ta fi kan Ramil girma. Sunan Takyo bai taɓa fitowa ko a ƙarshen fim ba, shi ya roƙa kada a sa.

Da auren Merlita ya tashi, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Bai tambaya ba. Ya same ni ya ce in saya masa tikitin jirgi, in ajiye masa jaka a gidana. Ranar tafiyar muna aiki a wani tsohon gidan sama a Binondo. Ya shirya bindigogin safe, ya ce wa mai kula da kayan aiki cikinsa na murɗa, ya zaga baya ya hau jifni, motar haya ta Manila. Na bi shi da jakar. A tashar jirgin ruwa ya saya wa amarya laima mai furanni, yana riƙe da ita kamar za ta fashe. Mun shiga layi har mun kusa matakala sai wasu mutum biyu cikin farar riga suka tsaya gefensa.

"Mang Takyo? Sannu da rana. Maigida na nemanka."

Ba su taɓa shi ba. Ɗayan ma karɓar masa jaka ya yi cikin ladabi. Ya dubi jirgin, ya dube ni, ya miƙo mini laimar ya ce in ba wani mai tafiya Danao. Sannan ya bi su.

Da muka koma, mun tarar da Ramil zaune an naɗe masa hannu da bandeji. Mai kula da kaya ne ya loda Biyuda, ya cika albarushi, wuta ta dawo ta ƙona masa tsakanin yatsu. Ina jiran zagi. Sai ya miƙe ya rungume Takyo a gaban kowa, yana kuka da hawaye na gaske.

"Dubi hannuna, Dong. Dubi abin da ya faru rabin yini kawai. Kuma da ka sauka a Cebu sun kama ka fa? A gaban 'yarka, ranar aurenta? Me zan ce wa Sioning?"

Takyo ya ce, "Ka yi haƙuri, Kuya."

Ramil ya aika wa amarya firji. Takyo ya ga bikin a hoto. Tun daga ranar bai ƙara maganar gida ba, ni kuma na daina kawo masa labarin jirage. Da hutun rana sai ya zauna ya ci shinkafarsa da kifi da hannu, yana kallon ƙasa, in an yi masa magana ta gefen hagu ko juyowa ba ya yi.

Sannan bidiyo ya shigo, gidajen silima suka fara rufewa, wasu aka mai da su coci, wasu kantin kaya. Ramil ya yi ƙiba, gashin ya zama na rini. Sai ya shiga siyasa, ya tsaya takarar magajin wani gari a gefen Manila, ya kuma ci. A kowane gangami, bayan mawaƙa sun gama, sai Takyo ya hau dandamali da ɗan akwati, ya buɗe, ya goge ƙota, ya miƙa. Ramil ya ɗaga Biyuda sama ya harba, jama'a su haukace. Ni ma an ɗauke ni, ina yi masa hoda kafin ya fita, don aikin jini ya ƙare.

A zaɓe na gaba abokin hamayyarsa ya yi ƙarfi, aka fara aiko da saƙon barazana, aka harbi motar ɗaya daga cikin yaransa. Wata safiya muna baranda ina rufe masa tabon fuska, ya sa aka kira Takyo.

"Dong, abin da ka sa a bututun nan, cire shi. Ina son ta ci harsashin gaske."

Takyo ya juyo da kunnensa mai ɗan ji. Ramil ya maimaita da ƙarfi.

"Kuya, masu gadinka na da bindigogi."

"Ba tasu nake so ba. In har za a zo mini, da Biyuda zan tarye su. Ka san yadda jaridu za su rubuta?"

"Ta fim ce, Kuya."

"Ai kai ka mai da ita ta fim. Mai da ita yadda take."

Takyo ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, da wannan muryar ta kurame mai fita da ƙarfi ba da niyya ba:

"Ba zan yi ba. Hannuna ya kashe mutum ɗaya, ya isa. Ka kira kanal. Ka ce ya tashi maganar. In kurkuku ne a kai ni, ko ba komai a Cebu take."

Ramil ya ture hannuna daga fuskarsa. Bai saba jin a'a ba, ballantana daga nan. Wuyansa ya yi ja.

"Wane kanal? Kanal ɗin da ya mutu tun gashina bai yi furfura ba? Wace magana? Wanda ya yi kisan an kama shi tun kafin 'yarka ta gama firamare, ya faɗi wanda ya aike shi, an gama. Wa ya damu da maƙeri? Babu ɗan sandan da ya san sunanka a Cebu! Na ciyar da kai, na binne ubanka, na aurar da 'yarka, yau kai ne mai ce mini ba za ka yi ba? Ga ƙofa can. Tafi!"

Na zaci bai ji ba. Na yi fatan bai ji ba. Amma ya ji, don ya tambaya a hankali:

"Mutanen tashar jirgi fa?"

"Direbobin surukina ne. Tafi, na ce!"

Takyo ya shiga ɗakinsa ya fito da makullin kabad ya ajiye a kan teburin hodata. Mai gadi ya buɗe masa ƙofa. Ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci, bai san wace jifni ke zuwa ina ba, a garin da ya yi fiye da rabin rayuwarsa a ciki. Na ajiye aikina na bi shi na kai shi gidana. Na dafa masa kunun shinkafa da citta, ya sha kwano biyu. Da ya gama ya ce, "Doray, kin sani?" Na rantse masa da kabarin uwata ban sani ba. Ya gyaɗa kai.

Ramil kuwa ko mako bai yi ba ya karɓi wata bindiga a wurin masu gadinsa, bai kuma taɓa harba ta ba. Zaɓen ma ya faɗi.

Wannan karon babu wanda ya tare Takyo a matakala. Abin da ya tarar a Danao daga bakinsa na ji daga baya, guntu-guntu. Sioning ta tsufa, tana zaune da Merlita da mijinta da 'ya'yansu a gidan bulo da aka gina da abin da Ramil ke aikowa. Sun karɓe shi da mutunci. Aka yanka kaza, aka ba shi ɗakin baƙi, aka shimfiɗa sabon zanen gado. Jikoki na sa hannunsa a goshinsu in an ce su yi, sannan su gudu, don in ya yi magana ihu yake. Merlita na kiransa da girmamawa irin wadda ake yi wa shugaban makaranta. Sioning ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya. Da ya gaya mata abin da Ramil ya faɗa, ta ce ai kowa a garin ya san an kama mai kisan, ta sa an rubuta masa har sau biyu, da ba ta ga amsa ba ta ɗauka zaman can ya fi masa. Wasiƙun gidan Ramil kuwa hannunsa suke fara shiga. Ta faɗi haka tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Ya nemi abin yi. Gona ta fi ƙarfin bayansa. 'Ya'yan wansa suka zo da murna, sun ji labarin wanda ya gyara Biyuda, suka ja shi rumfarsu a kan tsauni suka nuna masa aikinsu, suka ce ya zo ya zauna da su, masu saye daga birni za su yi layi. Ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, ya sauko. Bayan wannan sai zaman baranda. Ya ce mini da rana in kowa ya fita yakan rasa inda zai sa hannuwansa.

Damina ba ta ƙare ba matar Ramil ta aiko. Jinin mijinta ya hau, rabin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya kori masu jinya uku, yana jifa da kwano, kalma ɗaya ce ke fita daidai a bakinsa: Dong. Takyo ya gaya wa Sioning. Ta ce, "Kai ka sani." Ta haɗa masa kwalin busasshen kifi.

Da na ji ya dawo na je gidan da faɗana.

"Kai wane irin mutum ne? An buɗe maka ƙofa ka fita, ka dawo da ƙafarka?"

"Me?"

"Na ce ba ka da zuciya!"

"Ina da ita," in ji shi. Yana matse tawul a cikin roba. "A can kowa na yi mini sannu. A nan an san inda zan zauna."

"Ka yafe masa ke nan?"

"Ban yafe ba." Ya ɗauki robar. "Zo ki riƙe mini ƙofa, lokacin wankansa ya yi."

An ba shi ɗaki a cikin babban gida, ya ƙi, ya koma na bayan gareji. Kabad ɗin ya zama wayam, ɗan Ramil ya sayar da bindigogin ga wani mai tara kayan tarihi, Biyuda kuma aka sa ta a gilashi a gidan abincin da ya buɗe, mutane na ɗaukar hoto da ita. Takyo bai je ya gani ba. Shi ke juya Ramil, ya aske shi, ya tura kekensa zuwa inuwar mangwaro. In aka sa tsofaffin finafinan a talabijin sai su zauna su biyu, ɗaya ba ya magana, ɗaya ba ya ji.

Kowa ya zaci Ramil ne zai riga tafiya. Takyo ne ya riga shi. Tari ya kama shi bayan Kirsimeti, ya ƙi asibiti, wata safiya mai aiki ta kai masa gahawa ta tarar ya cika. Iyalin Ramil suka yi duk abin da ya kamata, suka tambayi wa zai raka gawar Cebu. Na ce ni.

Sioning da Merlita na jira a tashar jirgi cikin baƙaƙen kaya. Aka kai shi gida aka ajiye a falo, maƙwabta suka kafa rumfa, aka fara addu'o'i da wasan karta kamar yadda aka saba. Washegari da hantsi Sioning ta kira ni kicin. Ta ce za su yi girkin sadaka, tana son a dafa abin da ya fi so, a ajiye masa kwano kusa da akwatin.

"Da can miyar zogale da kifi yake so," in ji ta. "Amma da ya zo na yi masa, ya ci kaɗan ya ce ya gode. Ke kin fi ni sani. Me yake ci?"

Na ce kunun shinkafa da citta mai yawa, a yanka dafaffen ƙwai a kai, a matsa lemun tsami. Kuma ba ya son albasa.

"Tun yaushe ba ya son albasa?"

Na ce tun da na san shi.

Ta dubi murhu. Sannan ta miƙo mini wuƙa da citta, ta ce in nuna mata yadda nake yanka masa.